Kafar Arewa a Lambun Ramla

Ganyen wanka na fita yankowa, ba wani abu ba. Autata Ramla ce ta haihu a Tiga, ni kuma na taso daga Ƙafin Maiyaki na zo zaman jego. Ran nan ganyen da muke tafasa mata ya ƙare, mijinta Mujitaba bai dawo daga aiki ba, na ce ba zan zauna ina kallon tukunya ba alhali ga sabara can a lambu. Na ɗauki lauje. Babbar 'yarta, Aisha Humaira, ta kama bakin zanina tana kuka, don tun da aka yi mata ƙani ta zama abin tausayi. Na ce, "Zo nan, uwar rigima." Na goya ta, na ɗaure majanyi tam.

Ramla ta ɗago murya daga ɗaki. "Inna, magariba fa ta kawo kai. Ki bari sai da safe."

Na ce, "Da safen da me za ki yi wankan? Ke dai kwanta. Da kika san daji ya fi gida, ai da can kika haihu."

Ta yi dariya har jaririn ya farka.

Sai na faɗa muku yadda lambun nan yake, in ba haka ba ba za ku gane ba. Ramla ta yi karatun noma, amma ba dawa take shukawa ba. Sana'arta tsara wa mutane harabar gida da ta makaranta. Kuma ta ƙi furannin nan na ƙasashen waje masu shan ruwa kamar jaki. Namu take so, na dajinmu. Ta sha hawa bayan babur zuwa Tudun Wada da Doguwa, ta dawo da buhu cike da iri da saiwoyi, ƙafa duk ƙaya. Nakan ce mata, "Mun kai ki makaranta, kin dawo mana da daji." Amma gaskiya ɗaya ce, wurin ya yi kyau. Ga kariya da furenta ja-ja a gindin duwatsu. Ga gauɗe mai ƙamshi. Ga minjirya, ga taura da ɗinya da kanya suna tasowa, ga gamba an dasa ta tuli-tuli a gefen 'yan hanyoyin tsakuwa masu lanƙwasa. Nan take kawo masu son aiki su gani da idonsu.

Ba ta yi katanga ba. Shinge ta yi da dashi da aguwa, ya yi kauri har akuya ba ta samun wurin sa kai. Ƙofar ƙarfe ɗaya ce, ta kudu. A da akwai kafa ta arewa, inda amalanke ke shigo da dutse da ruwa. Da aka jawo mata famfo, sai ta sa aka kakkafa dashi a wurin, aka cusa ƙayar sarƙaƙiya a tsakani kafin ya kama. Wannan da rani aka yi, kafin cikinta ya yi nauyi.

Ranar da nake ba ku labarinta, damina ta fara sauka. Ƙasa da danshi, tana wannan ƙamshin nata. Na tura ƙofar na shiga, na bar ta a buɗe, tunda yanzu zan fito. Sabarar tana can ƙarshe, daf da inda aka toshe. Na bi tsakuwa, Aisha Humaira tana ja mini ɗankwali tana waƙar da ba ta da kai. Kwaɗi suna ta ihu daga wajen dam ɗin Tiga. Rana ta faɗa bayan itatuwa, amma ana gani sarai.

Na fara yanka. Na tara runguma guda.

Sai kwaɗin suka yi shiru.

Ba a hankali ba. Gaba ɗaya, kamar an rufe musu baki da tafi. Na miƙe ina sauraro. Ba tsuntsu, ba gyare. Ko ƙarar injin niƙan cikin gari da nake ji ɗazu, babu.

Wari ya fara zuwa. Na san shi, don na girma kusa da ruga. Ɗanyen kashin shanu, da hayaƙin garke, da tsamin ƙwaryar nono. Na ce a raina, to, makiyaya sun fara dawowa daga kudu, lokacinsu ne. Bari in je in rufe ƙofar nan kafin su shigo su cinye wa yarinya wahalarta.

Na juya. Daga inda nake ina hango ƙofar. Babu komai a bakinta.

Amma tana motsi. Tana bugun ginshiƙi a hankali, ƙwal, ƙwal, kamar wani abu mai faɗi yana gogar ta yana wucewa.

Aisha Humaira ta daina waƙa. Ta zaro hannu ta saman kafaɗata tana nuni.

"Kaka, shaniya."

Na ce, "Ina?"

"Ga shi. Da yawa."

Sai na ji kofato a kan tsakuwa. Ƙaras, ƙaras. Ba na saniya ɗaya ba, ba na goma ba. Na ga gamba tana kwanciya tuli bayan tuli, tana nufo ni. Reshen minjirya ya lanƙwashe ya koma. Ƙaho ya bugi ƙaho. Idona biyu, wallahi, hasken bai gama tafiya ba, kuma ban ga ko jela ba.

Na yi a'uziyya. Na kama Ayatul Kursiyyu, wadda nake karantawa tun ban yi aure ba, na kai tsakiya ta ɓace mini. Na koma farko. Ta sake ɓacewa.

Na ce bari in bi gefen shinge in kai ƙofa. Na ɗaga ƙafa, kafaɗata ta daki wani abu. Mai ɗumi ne, mai gashi, yana numfashi. Na ja baya, bayana ya daki wani. Huci ya sauka a wuyana, da danshi. Ƙudaje suka fara sauka a fuskata. Su kam na gan su.

Suna ta shigowa. Na gaba sun iso shinge sun tsaya, na baya suna turowa. Wurin ya fara matsewa. Na san abin da garke ke yi in ya rasa mafita. Na taɓa ganin ɗan maraƙin da aka tattake a mashaya.

Ga yarinya a bayana.

Na ji fito, irin na makiyayi, siriri, daga wajen ƙofa. Na sake jin sa, ya matso. Na ukun a kunnena aka yi shi.

"Inna."

Muryar dattijo ce, a hankali, da ladabi, harshensa da karin Fillanci.

"Inna, ina hanya?"

Na ce, "Bawan Allah, ban sani ba. Ni baƙuwa ce."

"Nan muke bi. Kullum nan muke bi."

"An toshe."

"Mun gani."

Wani abu ya taka mini ɗan yatsan ƙafa, na ji ƙashin ya ce ƙas. Ban yi ihu ba. Tsoro nake kada su firgita.

"Sun gaji, Inna. Sun sha tafiya. Ba sa komawa baya."

Laujen yana hannuna. Na juya na fuskanci ƙayar, na kafa shi na ja. Sarƙaƙiya, in ba ku san ta ba, ƙayarta ƙugiya ce. In ta kama ba ta saki. Ta kama hannun rigata, ta kama fatar. Na fizge. Na sake kafawa.

"Aikin ya yi miki yawa da goyo," in ji shi. "Kawo ta in riƙe miki."

Na ce, "A'a."

"Zan ɗora ta a kan bijimi. Ba za ta faɗi ba."

"Na ce a'a!"

Aisha Humaira ta ƙyalƙyale da dariya, irin wadda take yi in ana mata cakulkuli.

Sai na ji ƙullin majanyin yana sassautawa a ƙirjina.

Na duba. Bakin zanen yana zamewa da kansa, sannu sannu, kamar yatsun da suka saba kwance igiyar maraƙi ne ke jansa.

Bayana ya fara yin sauƙi.

Ku da kuka taɓa goyo kun san nauyin ɗa. Nauyin nan ne yake tafiya. Ana ɗaga ta.

Na sunkuyar da kai na cafke ƙullin da haƙori. Na mai da hannun hagu baya na damƙi ƙafarta. Sanyi ƙalau, kamar an tsamo ta daga randa. Na riƙe. Aka ja. Na ja.

Hannun dama na ci gaba da sara.

Lauje ya maƙale. Na bar shi.

Na sa hannu tsirara cikin ƙaya.

Na tumɓuke dashi ɗaya. Bai yi saiwa sosai ba. Na tumɓuke na biyu. Jini yana bin gwiwar hannuna. Ƙirjina a kan ƙaya, ƙahoni a haƙarƙarina, ana matsa ni gaba.

Ƙafar tana zamewa daga hannuna. Saura diddige.

Saura 'yan yatsu.

Na faɗa kan abin da ya rage da dukan jikina.

Shingen ya buɗe.

Na faɗi waje, na mirgina gefe cikin kunyar gonar wani, na juyo da ita ƙirjina na kife a kanta. Nauyinta ya dawo gaba ɗaya, har ya buge mini numfashi. Ƙasa tana rawa a ƙarƙashina. Suna wucewa. Sun daɗe suna wucewa. Ban ɗaga kai ba. Na ji saukar sanda kusa da kunnena, da takun mutum ɗaya, ya tsaya.

Ba da ni ya yi magana ba. Ya sunkuya ya yi wa yarinyar raɗa. Ban ji abin da ya ce ba.

Sai kwaɗi suka ɗauka. Can cikin gari ladan yana kiran magariba, ashe ko salla ba a tayar ba.

Mujitaba ne ya tsince mu da fitilar waya. Ya ce da ya gan ni ya zaci kura ce ta yayyaga ni. Ya kai ni asibiti aka ɗinke hannun, aka ɗaure yatsan. Yarinyar ko ƙwarzane babu, sai dai ta yi kwanaki ba ta ce uffan ba, ido kawai.

Da safe Ramla ta karya dokar jego ta je lambun, ina mata faɗa tana tafiya. Ta dawo ta zauna a bakin gado, ta ce ba sawu ko ɗaya, ba kashi, ba a ci ko ganye ba. Amma daga ƙofar kudu zuwa inda na fasa, duk abin da ta dasa ya kwanta ya fuskanci arewa, a miƙe kamar an ja igiya. Ta aika aka kira Hamman, wani tsohon makiyayi da ke kawo musu nono. Ya tsaya a bakin ƙofar ya ƙi shiga. Ya ce shi bai san komai ba, shi dai ya san shanunsa ba su taɓa yarda su kwanta a wannan layin ba, kuma bai taɓa tambayar su dalili ba.

Da ta yi arba'in ta sake tsarin lambun. Ta kwashe duk abin da ke kan layin ta mayar gefe, ta cire ƙofar ƙarfen, ta bar hanya mai faɗi fetal daga kudu zuwa arewa. Ta jera kariya dama da hagu. Masu zuwa kallo sun fi yabon wannan hanyar a kan komai. Wani ma ya ce a yi masa irinta a gidansa. Ta ce masa ba kowane gida ke bukata ba.

Hannuna na dama bai ƙara dunƙulewa ba. Ban damu ba, na ci tuwona da shi haka nan.

Aisha Humaira ta girma lafiya, ga surutu, ga wayo, har an sa ta makaranta. Duk farkon damina nakan zo Tiga in zauna da ita, ba na barin ta ta leƙa ko zaure in rana ta yi sanyi. Na ɗauka ta manta, don lokacin ko magana ba ta gama iyawa ba.

Bana ina mata kitso a tsakar gida, hadari yana haɗuwa ta gabas, sai ta ce, "Kaka, yanzu ina iya tafiya mai nisa, ko?"

Na ce, "Ina za ki da nisa, uwar rigima?"

Ta ce, "Baffan nan mai shanu ne ya ce in na iya, in tsaya masa a bakin hanya."

Na ƙarasa kitson. Na kwance ɗankwalina na ɗaure hannunta da nawa, na ja ta muka shiga ɗaki, na sa sakata.