Wayar da Filaya Ya Gatsa

Rana ta kusa faɗuwa Filaya ya shiga filin 'yan gwangwan neman waya. Ba sunan yanka ba ne. Abokan aikinsa na gareji suka laƙaba masa, don shekara ashirin yana wayarin ɗin mota bai taɓa sayen filaya ba. Haƙoransa na gaba su ne kayan aikinsa. Ya gatsa waya, ya zare robar, ya tofar, ya wuce. Har gurbi ya fito a haƙorin, kuma wai alfahari yake da shi.

Motar gidansa ce ta kawo shi. Allurorin dashbod ɗinta duk sun mutu, ba ta fetur, ba ta zafi. Sau biyu injin yana tafasa a hanya da matarsa da 'yan biyunsu a ciki. Shi ne ya yi rantsuwa zai haɗa allonsa da hannunsa, ɗan ƙarami mai lambobi, ya nuna zafin injin da juyinsa da ƙarfin batir. Allon yana da shi. Abin da ya rage waya ce mai kyau da na'urar auna zafi.

Can ƙarshen filin ya hango wata tsohuwar motar asibiti, tayoyinta sun nutse a ƙasa. Ya nufe ta.

"Bar wannan," in ji mai gwangwan, wani dattijo mai tari. "Akwai masu ita."

"Su wa, Baba?"

"Waɗanda ba a gani. Gawa ta fi ɗauka a kan mai rai, kuma ba a wanke ta ba aka jefo mana. Irin abin da suke lasa ke nan. Ko kare ba ya kwanciya a inuwarta."

Filaya ya yi dariya ya ja ƙofar baya. Wani wari ya buge shi, warin nama da ya kwana uku a leda, haɗe da na maganin asibiti. Korayen ƙudaje suka tashi buu. Ƙasan motar yana danƙo, takalminsa na mannewa yana ɓallewa. Amma ga waya nan a jikin bango, ja, mai kauri, irin wadda ba a samu yanzu, da na'ura a bakinta. Wani abu baƙi ya bushe a jikinta, da silin gashi biyu.

"In ka nace, to ka wanke ta," in ji dattijon. "Kada ka kai ta bakinka."

Kai, taurin kai bai yi ba! Ko goge ta bai yi ba. Washegari a kan teburinsa, ga dalma na hayaƙi, ga salatif, hannu ya riga tunani: ya kai wayar baki ya gatsa. Robar ta yi laushi fiye da kima. Wani ɗanɗano ya bazu a harshensa, gishiri-gishiri, ƙarni-ƙarni. Ya tofar, ya kurkure baki da ragowar shayi, ya ci gaba da aiki. Ya liƙe wayar da dalma, ya naɗe ta da salatif, ya ɗaure ta tamau a ƙarƙashin sitiyari. Aiki dai ya yi kyau, wannan ba a ƙwace masa.

Da magariba ya ce wa matarsa ta fito su ɗauko yara daga gidan kakarsu, ta ga abin da ya ƙera.

Tana shiga ta toshe hanci da mayafi.

"Baban 'yan biyu, ɓera ne ya mutu a motar nan?"

"Warin dalma ne."

"Dalmar gidan wa? Tir! Kai ba ka ji?"

Yana ji. Tun rana yake jinsa, kuma ba daga kujera yake fitowa ba. Daga bakinsa ne. Kunya ta hana shi faɗa. Ya murɗa makulli, allon ya kawo haske kore, lambobi suka jeru gwanin kyau.

"Injiniya da kansa," ta ce ta cikin mayafi. "Allah ya sa ya auna wari ma."

Suka bar gidaje, suka hau doguwar hanyar da ke bi ta bayan tsofaffin masana'antu. Ba kowa. Sama ta yi ja tana komawa toka.

Filaya ya saci kallon allon. Zafi: talatin da bakwai. Ya ɗaure fuska. Sun yi tafiyar da ya kamata a ce injin ya kai tamanin. Ya ƙara totur. Talatin da bakwai dai.

Lambar juyin injin ma shirme take yi. Injin na kuka, ita tana nan a saba'in da biyar. Gefenta wani ɗigo yana ƙyaftawa, kuma shi bai sa ɗigo a wurin ba.

Ƙyaf. Ƙyaf. Ƙyaf.

Wani ƙuda kore ya fito daga ramin iska. Sai na biyu. Matar ta kore su da hannu, sai ta ƙwalla ƙara ta ɗage ƙafafunta. Wani ruwa mai yauƙi yana ɗigowa daga ƙarƙashin sitiyari, yana gangarowa wajenta. Ba kalar baƙin mai ba ne, ba na ruwan lagireto ba.

Gabansa ya faɗi. Nan take saba'in da biyar ta koma ɗari da goma, ɗigon ya kama sauri.

Ya ɗora hannu a ƙirjinsa. Tare suke bugawa.

Ashe ba motar abin yake aunawa ba.

Talatin da shida.

Ya taka birki, ya kashe mota, ya zare makulli. Injin ya yi shiru. Allon bai mutu ba.

A cikin shirun nan suka ji shi. Daga bayan dashbod, wani sauti kamar kare na lasar kwano. A hankali, ba gaggawa.

"Baban 'yan biyu," ta yi raɗa. "Mene ne wannan?"

"Taɓa wuyana."

Ta taɓa, ta janye hannu da sauri. "Innalillahi! Kamar tulu."

Talatin da biyar.

"Wayar ce. Jar nan ta ƙarƙashin sitiyari. Ni take sha."

Ya kai hannu zai fizge ta, yatsunsa suka ƙi lanƙwasuwa. Sanyi ya riga ya cinye su. Ya nemi buɗe ƙofa, ƙafafunsa kamar na aro. Matar ta sunkuya ta kamo wayar, sai ta saki tana yunƙurin amai.

"Tana da ɗumi. Wallahi motsi take yi!"

"Ja ta!"

Ta rufe ido ta ja da hannu biyu. Ina! Shi ya ɗaure ta da kansa, kuma aikinsa ba ya kwancewa.

Talatin da huɗu.

"Filaya fa? Almakashi? Wuƙa?" Ta zazzage aljihun mota. Takardu, salatif, tsohon fiyus. Ta juyo tana kuka da takaici. "Mai wayarin guda, ba ka da abin yanka ko ɗaya!"

Lasar ta tsaya. Wata murya ta fito daga ramin iska, siririya, jiƙaƙƙiya, kamar mai magana da abinci a baki.

"Kai ka fara ɗanɗana namu."

Matar ta kama karanto duk addu'ar da ta zo bakinta. Warin ya cika motar har ido na yaji. Gilasai suka yi gumi daga ciki.

Talatin da uku. Ɗigon ya rage sauri.

Barci ya fara jansa, mai daɗi, mai nauyi. Ya tuna 'yan biyu suna zaune a ƙofar gidan kakarsu da takalma a ƙafa, suna leƙen kowace fitila.

"Tura kaina ƙasa," ya ce.

"Me?"

"Tura!"

Ta danna ƙeyarsa ƙarƙashin sitiyari. Ta ɗauko wayar da gefen mayafinta ta sa masa a baki.

Ba waya ba ce kuma. Taushi gare ta da santsi, tana bugawa a kan harshensa. Ya saita ta a gurbin nan na haƙori.

Wani abu mai sanyi ya lashi kuncinsa, daga haɓa har kunne.

Ya ce bismillahi a zuci, ya datse.

Ta fashe. Ruwa mai kauri, mai ɗumi, ruɓaɓɓe, ya cika masa baki har ya bi ta hanci. Wani ihu ya tashi a cikin dashbod, ya bi ramukan iska, ya fice ta bayan mota.

Allon ya mutu.

Matar ta zagayo ta jawo shi waje ta hammata. Ya durƙusa a bakin hanya yana amai har ba sauran abin da zai fito, ita tana gefe tana nata. Da ƙafa suka ƙarasa gidan kakar yaran, yana rataye a kafaɗarta.

Motar ba su ƙara shigarta ba. Mai gwangwan ya zo ya ja ta, ya ajiye ta can kusa da ta asibitin.

Haƙorin ya yi baƙi, aka cire. Ɗanɗanon bai bi haƙorin ba. Ko me aka dafa masa, da loma ta shiga sai ƙarnin nan ya taso. Kofinsa daban yake a gidan yanzu, kuma bai yi gardama ba. Ya sayi filaya uku, ɗaya a aljihu take kwana. Ranar da wani abokin aikinsa ya kai waya baki, marin da ya sha a hannun Filaya har yau ba su shirya ba.

Bayan wata guda matar ta matsa masa suka je asibiti, da 'yan biyun a tare. Ma'aikaciyar jinya ta sa masa ma'aunin zafi, ta duba, ta girgiza shi, ta sake sawa. Ta ɗauko wani sabo. Ta kalle shi, ta kalli matarsa.

"Na'urorin nan namu sun lalace," ta ce. "Mai rai ba ya zama a talatin da uku yana yawo."

Filaya ya tashi tsaye. Ya miƙa hannu zai kama na ɗaya daga cikin 'yan biyun su fita, yarinyar ta ɓoye nata a baya.

"Baba, hannunka sanyi."