Ariyar da Walburga Ta Sauke

Ranar da Kajetan Prohaska ya fara shiga shagon, Walburga na duƙe kan tebur, tawada har gefen hancinta. Shagon na babanta ne, tsoho Zeilinger, wanda ya shekara arba'in yana kwafe takardun kiɗa na wani gidan opera, wato wasan kwaikwayo na waƙa, a Vienna. Idonsa ya fara rauni, saboda haka rabin aikin ita ke yi, sunansa ke fita.

"Na zo karɓar takardata," in ji saurayin. "Ni ne sabon tenor, mawaƙi mai muryar sama."

"Au, kai ne aka ce ka yi carar zakara a gwajin jiya?"

Baki ya riga hankali. Fuskarsa ta yi ja har kunne, ita kuma ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. Sai da ya kai ƙofa ya waiwayo. "'Yan mata, akwai tawada a hancinki."

Shi ke nan fa. Daga ranar takardun Kajetan suka shiga yawan neman gyara. Ya dawo da su, ta duba gefe, ta ga ɗan rubutu.

"Mai tawada, babu kuskure ko ɗaya. Ganinki nake so. Zakaranki."

Ita ma ta mayar a gefen.

"Zakarana, ka riƙa ɗaure wuyanka, akwai sanyi. Gobe Baba zai je coci da wuri."

Sai dai akwai Signor Gasparo, babban tenor na gidan, mutumin Italiya mai ƙamshin turare, wanda shi ma ya ƙyalla ido ya ga Walburga, yana aiko mata da alewa tana raba wa maƙwabta. Ranar da tsoho ya tsinci rubutun gefen takarda, bai yi ihu ba, cire tabarau kawai ya yi.

"Gasparo ko ba komai an san shi. Wannan fa? Tun zuwansa sai dai ya fito dandamali ya ce 'sarki na zuwa' ya koma. Ya tsaya shi kaɗai ya rera ariya guda, waƙar mutum ɗaya, mutanen Vienna ba su yi masa fiton reni ba, sannan ya zo mu yi magana."

Ana haka aka kawo sabuwar opera daga Naples, aka ba Kajetan ariyarsa ta farko. Waƙa ce mai daɗi, saurayi na roƙon masoyiyarsa gafara, amma gab da ƙarshe akwai wata gaɓa da sai murya ta hau can ƙololuwa. Sau uku Walburga ta ji yana gwadawa, sau uku muryar na tsinkewa.

"Zan kai, Burgl," ya ce mata, da sunan da yake kiranta. "Lokaci kawai nake so."

Lokacin kuwa mako biyu ne.

So hana ganin laifi, in ji masu iya magana. Duk sa'ad da babanta ya kishingiɗa bayan abincin rana, sai ta zauna ta sake rubuta ariyar, ta sauke sautinta mataki ɗaya. Ta shugaban makaɗa, ta masu goge, ta masu busa, har ta Kajetan ɗin, duk ta sauke. Mawallafin yana can Naples, wa zai sani? Ta miƙa masa tasa ta ce waccan tawada ce ta ɓata ta. Ya duba ya daɗe, ya ce ya gode.

Safiyar gwajin ƙarshe ta kai takardu, ta raɓe a gefen dandamali. Kajetan ya rera, ya haye gaɓar nan sumul, masu goge suka riƙa buga sandunansu kan katako don yabo. Har tsoho Zeilinger ya gyaɗa kai.

Sai Gasparo ya taso yana tafi a hankali. "Madalla, yaro. Sau talatin na rera wannan a Naples. Wa ya sauko maka da ita ƙasa?" Ya aika aka ɗauko tsohuwar takardarsa daga akwati.

Shugaban makaɗa ya haɗa biyun, ya ɗago. "Zeilinger, aikin shagonka ne wannan?"

Tsohon ya miƙe. "Sunana ne a kai."

"Ni ce," in ji Walburga. Muryarta ta fito ƙarama, amma kowa ya ji. "Baba bai sani ba."

Ta kalli Kajetan ko zai ce wani abu. Kansa na ƙasa, bai ɗago ba.

Kwana biyu babanta bai yi mata faɗa ba, kuma wannan ya fi duka ciwo. Mutumin da yake alfaharin bai taɓa sauya ko ɗigo ba, yanzu ana zancensa a gidajen shan kofi. Ta kasa haɗa ido da shi a wurin cin abinci. Ta rubuta wa Kajetan.

"Na raina muryarka, na zubar maka da mutunci a gaban mutane. Ba na neman ka so ni. Ka yafe mini kawai."

Shiru, babu amsa.

Rana ta uku sai ga shi, hula a hannu, ido ya faɗa. Bai kalle ta ba, gaban tsoho ya tsaya.

"Herr Zeilinger, na sani. Tun sa'ad da ta miƙo mini takardar na ga an sauke. Na yi shiru don ina so in ci. Da aka tona, na bar ta ta tsaya ita kaɗai. Na faɗa wa shugaban makaɗa haka. Ya ce a bar ta a sauke, na ce a'a. Ba za a ce shagonka ya sayar da takardar ƙarya saboda ni ba."

"Ka san ba za ka kai ba," in ji tsohon.

"Na sani."

Sannan ya juyo. "Burgl, ni ya kamata in roƙe ki. Kunya ce ta hana ni amsa."

"Kai dai soko ne," ta ce, hawaye na zuba. "Ba ni takardar."

Da hannunta ta mayar da kowane ɗigo inda mai shi ya ajiye.

Ranar buɗewa gida ya cika. Kajetan ya fara da taushi, yana roƙon gafara kamar ba wasa ba, har matan kujerun gaba suka daina fifita. Ya zo gaɓar, ya ɗaga, murya ta tsinke. Aka yi fito daga kujerun sama, wani ya yi cara. Walburga ta rufe fuska. Shi kuwa bai gudu ba, ya tsaya cak ya kai waƙar ƙarshe, ya rusuna.

Washegari ya zo sallama, don a ganinsa magana ta ƙare.

"An yi mini fito, Herr Zeilinger."

"Na ji, kunnena lafiya lau yake." Tsohon ya ci gaba da fiƙe alƙalami. "Na ga masu murya da yawa a gidan nan. Ban taɓa ganin wanda ya zaɓi a yi masa dariya don ya wanke sunan wani tsoho ba. Zauna, ɗana. Burgl, daina laɓewa, kawo masa miya."

An ɗaura auren a ƙaramar cocin unguwa bayan Ista. Masu goge suka zo suka yi kiɗa kyauta, Gasparo ya aiko cewa maƙogwaronsa na ciwo. Da aka fito, tsoho ya dafa kawunansu su biyu.

"Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zaman lafiya. Abin da ɗayanku ya kasa, ya faɗa wa ɗan'uwansa a fili."

Walburga ta sunkuyar da kai, ta ce amin. Kajetan ya matse hannunta, nasa amin ɗin ya fi na kowa ƙarfi.