Tarwaɗar da Ba ta Sayarwa Ba

Da la'asar sakaliya suka iso Lugbe daga Katsina, su uku: Alhaji Badaruddeen mai shagon yadi, da matarsa Hussaina, da autarsu Mashkura, wadda jirginta zai tashi da hantsin gobe zuwa Turkiyya, karatun likita. Alhaji ya kama musu ɗaki a wani ƙaramin otal mai rufin kwano a hanyar filin jirgi. Fanka na juyi da ƙyar, zanin gado ya ga duniya, famfon banɗaki kuwa a bushe, sai bokiti. Hussaina ba ta yi ƙorafi ba. Ita dai a bar ta ta kalli 'yarta ta ƙoshi kafin a raba su.

Alhaji ya ce cin bankwana sai a bakin ruwa. Aka kwatanta musu gidan abincin wata mata, Monica, a gefen rafin da ke bayan unguwar, irin wurin nan da ake zuba kifi da ransa a baho, mai saye ya nuna wanda yake so a kashe a gabansa. Rana ta yi ja, rafin ya yi shiru, ko kwaɗo ba ya kuka. Mashkura ta wuce bahon da ke cike ta tsaya kan wani na daban a gindin bishiya. Tarwaɗa ɗaya ce a ciki, baƙa wuluk, mai farin gashin baki. Ta nuna ta tana dariya.

Monica ta girgiza kai. "Oga, wannan ba na sayarwa ba ne. Ambaliya ya kawo shi. Na mayar ruwa, da safe na gan shi ya dawo. Mu ba mu taɓa shi."

Alhaji mutum ne da kalmar a'a ke tsaya masa a maƙogwaro. Ya ɗaga murya, ya ce camfin banza ne, 'yarsa likita ce ta gobe, abin da ta nuna shi za ta ci. Ya yi ta yi har mutane suka juyo, har Monica ta gaji ta kau da kai. Aka buga wa kifin katako. Hussaina ta ji ƙarar a ƙirjinta, don abin da ya fito daga bahon nishin mutum ne. Ita ba ta ci ba. Ta zauna tana jin haushin mijinta, da haushin kanta da ta yi shiru.

Ana kiran magariba suka koma otal. Suna shiga ɗaki wani abu ya faɗo kan kwanon rufi, sannan wani, sannan suka zubo kamar ƙanƙara. Hussaina ta duba ƙasa ta ga tsakuwar rafi, sumul, a jiƙe, a tsakiyar ɗaki, alhali rufin ba huda ko ɗaya. A banɗaki busasshen famfon nan ya kece da ruwa mai laka da ƙarni. Mashkura na zaune bakin gado ta ba su baya, mayafinta na ɗiga.

"Auta," in ji Hussaina.

Yarinyar ta juyo. Idon nata ne, kallon ba nata ba. Murya ta fito daga can ƙasan cikinta, ta tsohuwa, mai kauri: "Kun ƙoshi?"

Alhaji mai cika baki ya manne da bango. Mai kula da otal ne ya ruga masallacin unguwa ya zo da Malam Yamusa, wani dattijo ɗan siriri da aka sani da ruƙiyya. Malam ya dubi tsakuwar, ya dubi yarinyar, ya zauna a ƙasa. Abu ɗaya ya gaya wa iyayen: kome ta ce, kome suka gani, kada wanda ya amsa mata. Sannan ya fara karatu a hankali, kamar mai lallashin yaro.

Yarinyar ta sandare, ta yi ta birgima, ubanta da mai kula da otal suka kasa danne ta. Da karatun ya yi nisa muryar ta dawo.

"Ka daina ƙona ni, tsoho."

"Wace ce ke? Me kike nema a jikin baiwar Allah?"

"Ina rafin nan tun kafin a aza bulo ɗaya a garin nan. Kun kwashe yashina, kun zuba mini shara, na yi haƙuri. Ɗana ɗaya ya rage. Ta nuna shi, ubanta ya matsa, suka cinye shi da yaji."

"Ba su san naki ba ne. Ki fita, ba ki da haƙƙi a kanta."

"A ba ni jini."

"Ba a yanka wa kowa sai Allah."

Malam ya ɗaga murya da karatu. Sai ruwa ya fara fita daga bakin Mashkura da hancinta, ruwan laka, ba ƙaƙƙautawa. Tana shaƙewa a kan busasshiyar ƙasa kamar wadda aka danna cikin kogi. Leɓenta ya yi baƙi.

Muryar ta juya ga Hussaina, ta yi laushi, laushin mugunta. "Ke uwa ce, ni ma uwa ce. Zan bar miki ita. Amma ta zauna a tudu. Ranar da ta haye babban ruwa, tawa ce. Kin yarda?"

"Hajiya, kada ki tanka," in ji Malam.

Hussaina ta ji shi sarai. Amma ƙafafun 'yarta sun daina motsi.

"Na yarda," ta ce.

Famfo ya ɗauke. Jifan ya tsaya. Mashkura ta yi atishawa, ta ja dogon numfashi, barci ya kwashe ta. Malam Yamusa ya miƙe. Da zai tafi ya ce saura kaɗan aljanar ta fita ba da sharaɗi ba, aljani maƙaryaci ne, alkawari da shi bai hau kan kowa ba, yarinya ta yi azkar ta kama hanyarta. Hussaina ta tambaye shi ko zai rantse mata ba abin da zai faru a saman teku. Ya ce gaibu na Allah ne.

Da safe Mashkura ta tashi garau, ba ta tuna kome ba bayan cin kifi. Da aka ba ta labarin daren jiya, ta ce mafarki suka yi. Ta yi wanka, ta ɗaure akwati, ta nemi fasfonta a jakar uwarta ta rasa. Hussaina ta riga ta cusa shi cikin zaninta ta zauna daram a bakin ƙofa. Alhaji, wanda bakinsa ya dawo tare da hasken rana, ya yi faɗa, ya yi lallashi, ya ambaci saki. Ta dube shi da tsanar da ba ta taɓa sanin tana da ita ba, ta ce ya sake ta.

Mashkura ta durƙusa a gabanta. "Umma, shekaruna nawa ina wahalar wannan ranar? Don Allah ki ba ni."

"Ba za ki ba."

"Saboda mafarkin da kuka yi?"

Suna nan a haka hantsi ya ɗaga, jirgi ya keto ta saman otal ɗin har kwanon rufi na rawa. Yarinyar ta daina kuka, ta ɗago kai. Kallon da ta yi wa Hussaina ya sa uwar ta matso da sauri tana leƙa idanun, tana neman baƙuwar jiya a ciki. Ba kowa. Mashkura ce ita kaɗai.