Ruwan Zafin 'Yar Amurka

Hajo tana kwashe tuwo a tsakar gida, an idar da sallar magariba ke nan, sai dutse ya faɗo a kan kwanon ɗakin Inna. Ba wanda ya damu. Gidan Alhaji Maiwada a bakin hanya yake a Funtua, yaran unguwar kuwa ba su da aikin da ya wuce jifan jemagu a bishiyar mangwaron bayan gida. Hajo ta ɗaga murya ta yi musu Allah ya shirya, ta ci gaba da malmala tuwonta. Sai na biyu ya faɗo, ya gangaro a hankali har gaban murhu. Ta sa hannu za ta jefar da shi, ta sake shi da sauri tana yarfe yatsu. Dutsen a jiƙe yake, kuma da zafi, kamar yanzu aka tsamo shi daga tukunya mai tafasa.

 Inna, mahaifiyar Alhaji, ta tsayar da jan carbinta. A lokacin ne Lauratu, 'yar Hajo da Alhaji ɗaya tilo, mai shekara goma sha ɗaya, ta fito da kwanon ruwan sha za ta kai wa mahaifinta zaure. Ta zo tsakiyar gida ta tsaya cak. Kwanon ya suɓuce. Ta buɗe baki, sai kukan jariri ya fito, siriri, mai shiga ƙashi, irin kukan da ba na yunwa ba ne, ba na rigima ba, na azaba ne.

Hajo ta yi salati ta rungume ta. Inna ta taso da rarrafe tana tofi. Maƙwabta suka shigo kowa yana tambayar mene ne wannan. Mutum ɗaya ne bai tambaya ba, shi ne Alhaji Maiwada, wanda ya tsaya a ƙofar zaure. Ya san kukan nan. Ya taɓa jin sa.

Shekarun nan ne da auduga ta yi albarka, ba a daɗe da komawa tuƙin hannun dama ba. Sa'o'in Alhaji a harkar auduga duk fijo suka saya, shi kuwa ya ce ba zai hau abin da 'yan tasi ke hawa ba. Wani abokin cinikinsa, Adewale, ya samo masa mota a Ikko, ƙirar Amurka, baƙa wuluk, doguwa, har sai da aka rushe katangar gefen zaure kafin ta samu wurin kwana. Adewale bai ɓoye masa ba, ya ce a can Amurka ba ita ce ta manyan manya ba, ita ce mai bi wa waccan. To, a Funtua wa ya san bambanci? Fulogi takwas gare ta. Ba ta da kuloci, ita ke sa wa kanta giya, kai dai ka taka mai ka riƙe sitiyari, sitiyarin ma da yatsa ɗaya ake juya shi. Kujerar baya ta fi gadon auren Hajo laushi, ƙattai uku masu manyan riguna su zauna ba mai gogar wani. Shan mai kuwa ba a magana, amma lokacin wa ke lissafin fetur? Yara suka sa mata suna 'Yar Amurka.

Abin da Alhaji ya fi so a jikinta shirunta ne. Ka danna wani ɗan maɓalli, gilashi ya tashi da kansa, sanyi ya fara busowa, duniya ta yanke. Maroƙa, masu talla, dangin da suka zo da buƙata, kana ganin bakinsu yana motsi, ba ka jin ko uffan. Ya kan ce wa abokansa yana dariya, ko don wannan shirun ai ta biya.

Kwanaki kaɗan kafin jifan, ya je Malumfashi ɗauko Lauratu daga gidan gwaggonta. Bazara ce, kwalta har narkewa take. Suna dawowa, ba su kai Bakori ba, mota ta yi zafi, tururi ya fara fitowa ta gaba. Ya gangara gindin wata tsamiya ya tsaya, rana ta yi ja tana shirin faɗuwa. Yana ɗaga murfin inji ke nan sai ga wani abokin takararsa a kasuwar auduga ya wuce cikin fijo, ya danna masa ham yana washe baki. Ran Alhaji ya ɓaci. Ya naɗe hannu da tsumma, ya murɗe murfin lagireto, tankin ruwan inji, da ƙarfi, ya yi tsalle baya. Tafasasshen ruwa ya yi tsiri sama, ya zubo, ya bi gangare ya shige ramukan saiwar tsamiyar.

Ba wanda ya tashi a gaban tsohuwa da bai san wannan ba. Ba a zuba ruwan zafi a ƙasa sai an surka shi, sai an yi bismilla, balle da almuru, balle a gindin tsamiya, domin ƙasa ba tamu ba ce mu kaɗai. Ya sha ranƙwashin Inna a kan haka yana yaro. Amma ranar abin da ya fito daga bakinsa ashar ne.

Sai kukan ya tashi daga cikin saiwar.

Lauratu ta leƙo ta tagar baya. "Baba, jariri ne ke kuka."

"Ɗan akuya ne. Koma ki zauna."

Ya zagaya bishiyar. Ba mutum, ba akuya, ba bukka ko ɗaya a kusa. Ya gane. A but ɗin bayan mota akwai jarkar ruwan sanyi da ba ya tafiya sai da ita. Ya ɗauko, ya tsaya da ita a hannu, zuciyarsa tana ce masa ya zuba ko kaɗan ne a kan saiwar. Amma jarka ɗaya ce, lagireton motar nan ba ƙaramin ciki gare shi ba, duhu yana tahowa. Ya jira inji ya huce, kukan yana ta yi. Sannan ya juye ruwan duka a cikin mota, har ya girgiza jarkar. Ya shiga, ya danna maɓalli. Gilashi ya tashi, kukan ya yanke.

Tun daga yammacin jifan, gidan bai sake ganin magariba lafiya ba. Ana kiran salla duwatsu za su fara, masu zafi, jiƙaƙƙu. Ruwan randa ya yi ɗumi ba wanda ya ɗora shi a wuta. Lauratu ta yi ta kukan nan har a kira isha'i, sannan ta sulale. Da safe ba ta tuna komai, sai dai a ga bororo ya tashi a bayanta da ƙirjinta, irin na ƙunar ruwa. Ta rame, idanunta suka faɗa. Da aka kai ta asibiti, mai duba ta ya tambaya wa ya zuba wa yarinyar nan ruwan zafi, yana kallon Hajo. Kafin yamma maganar ta zaga unguwa. Hajo ta daina fita ko barka, ta koma kuka a madafa tana rantse wa wanda bai tuhume ta ba.

Alhaji yana gani. Ya yanka rago, ya raba sadakar masa, ya sa aka sauke Alƙur'ani. Ya yi komai ban da buɗe bakinsa. Kunya ce ta riƙe shi, da tsoron idon Inna, da tunanin yadda za a yi da shi a kasuwa. Tuwo ya daina wuce masa. Ko wani ya ce a miƙo ruwan zafi za a dama koko, sai gabansa ya faɗi, mai kaza a aljihu ai ba ya jimirin as.

Wata safiya Inna ta tare shi a ƙofar ɗakinta. "Maiwada, ina ka bi da ɗiyar nan ranar da kuka dawo Malumfashi?"

"Hanya kawai, Inna."

Ta daɗe tana kallonsa, sannan ta ce a aika Maska a zo da Malam Aƙilu.

Malam Aƙilu dattijo ne mai ƙarancin magana, wanda aka sani da aikin iska tun daga Dandume har Malumfashi. Ya iso da la'asar, ya sa aka shimfiɗa tabarma a tsakar gida, aka kwantar da Lauratu, aka sallami maƙwabta. Ya dubi mutanen gidan ɗaya bayan ɗaya.

"Ranar wanka ba a ɓoyon cibi," in ji shi. "In akwai wanda ya san wani abu, ya faɗa tun kafin a faɗa mashi."

Alhaji ya sunkuyar da kai. 

Rana ta faɗi. Suka yi salla a nan tsakar gida, duwatsu suna sauka a kan kwano. Malam ya zuba turare a kasko, ya kama babban yatsan yarinyar, ya fara karatu a kunnenta, a hankali, ba ya ɗaga murya. Kukan jaririn ya tashi, ya yi tsawo, sannan ya tsaya. Lauratu ta miƙe zaune. Muryar da ta fito daga bakinta ta babbar mace ce, dusasshiya, irin ta wadda ta gaji da kuka.

"Ya isa, Malam. Ina jin ka."

"Baiwar Allah, Musulma ce ke?"

"Da ba Musulma ba ce ni, da tuni an yi jana'iza a gidan nan."

"To mi yarinya ta yi maki?"

"Tambayi ubanta." Kan Lauratu ya juya a hankali har ya tsaya a kan Alhaji. "Na kwantar da ɗana a gindin tsamiyarmu, na juya ke nan ya kwarara mashi tafasasshen ruwa. Ban riƙe shi da wannan ba. Ɗan Adam makaho ne, ba ya ganinmu. Amma ya ji. Ya zagaya, ya gane. Ruwan sanyi na hannunshi. Na tsaya gabanshi da yaro yana saɓulewa a hannuna, ina roƙon ko cikin tafi ɗaya. Ya shayar da ƙarfe, ya rufe taga."

Hajo ta juyo ta dubi mijinta. Bai iya ɗaga ido ba.

"Yaron fa?" in ji Malam.

"Bai kai asuba ba."

Malam ya yi mata ta'aziyya kamar yadda ake yi wa kowace uwa. Sannan ya ce, "Amma kin kama wadda ba ta da laifi."

"Ita kaɗai ta ce jariri ne. Kunnenta ne a buɗe, ta nan na samu ƙofa."

"Ashe wadda ta tausaya maki ita kike ƙonawa. Ba rai da ke ɗaukar nauyin wani, kin sani. Ki fita da arziki, ko in ci gaba da karatu, kin san abin da zai yi maki."

"Ƙuna ce, Malam. Na ga wadda ta fi ta."

Alhaji ya matso, ya ce zai ba da motar, zai yanka sa, zai gina rijiya a wurin. Muryar ta yi wata dariya mara daɗi. "In yi mi da su? Abu ɗaya nike so. An yanke wa ɗana kukanshi, bai samu mai ji ba. Sai an ji shi har ƙarshe. In ba a bakin wannan ba, to a ba ni kunnen da zan sa shi."

Malam ya ce ba ya ciniki da cutar kowa, zai fitar da ita ba sharaɗi ko da za a kwana nawa ana yi. Amma kowa a wurin yana ganin ƙasusuwan wuyan Lauratu, yana ganin yadda numfashinta ke fita da ƙyar. Yarinyar ba ta da sauran kwanakin da za a jira.

Alhaji ya cire hularsa ya ajiye a ƙasa, ya durƙusa. "Inna, ƙarya na yi maki. Hajo, ki yafe mani, na bar ki da bakin mutane. Duk abin da ta faɗa haka aka yi." Ya juya ga 'yarsa. "Ga kunnena. Ki sakar mani ɗiya."

"Alhaji, yi shiru!" in ji Malam. "Ba ka san abin da kake karɓa ba."

"Allah gafarta Malam, na karɓa."

Malam ya girgiza kai. Ya sa mai muryar ta rantse da Wanda ya halicce su duka cewa ba za ta sake kusantar yarinyar ba. Ta rantse. Lauratu ta yi atishawa, ta faɗa jikin uwarta, ta buɗe ido ta ce da muryarta, "Ƙishirwa nike ji." Hajo ta fashe da kuka. Alhaji kuwa ya dafe kunnuwansa da hannu biyu, ya daɗe a haka, sannan ya sauke hannuwan a hankali.

Bororon ya bushe, Lauratu ta yi ƙiba, ta girma, ta yi aure a Dandume ta haifi nata. Jifa bai sake faɗowa a gidan ba. Sai dai mutanen unguwa sun saba, in an idar da magariba ba a yi wa Alhaji Maiwada magana. Yana zaune a zaure shi kaɗai, kai a karkace, hawaye yana bin gemunsa, har a kira isha'i.

Bayan shekaru, Malam Aƙilu, ya tsufa sosai, ya zo da kansa da ƙwaryar rubutu. Ya ce abin ya daɗe yana damunsa, ya yi ta bincike har ya samu ayoyin da in Allah ya so za su toshe kukan. Alhaji ya karɓa da hannu biyu, ya yi godiya, ya mayar masa da ita a gabansa.

"Allah gafarta Malam, a bar shi," ya ce. "Yaro ne. Bari ya gama."