Akushin Baba a Zanen Khairiyya

"Almustapha, mi kag gani ga takardar ga da har ka kasa duba na?"

Ya ci gaba da kallon takardar.

Ma'aikacin wata ƙungiya ne mai kula da yaran 'yan gudun hijira a Goronyo. Yakan ba yaro fensir da takarda, ya ce ya zana abin da ke faranta masa rai. Ba ciwon yaron yake nema a zanen ba, abin da ke riƙe da shi yake nema, don a ƙarfafa shi. Wajen kai ɗiyata Khairiyya muka saba, har so ya yi mini kamun kazar kuku.

Shekara huɗu ke nan da 'yan bindiga suka tafi da mijina daga Shinaka, ko labarinsa babu. Jibi zan je gaban alƙali ya raba auren, in gama idda Almustapha ya turo magabatansa.

Ya miƙo mini zanen Khairiyya. Ɗaki ne, ƙofa a buɗe, ga akushi an rufe da faifai.

"Sauran yara wuta da babura sunka zana," ya ce. "Na tambaye ta akushin wa, tac ce na Baba ne, kada shi dawo shi iske babu tuwonai. Kamila, jiran nan shi ka tashe ta da safe, shi ka kai ta makaranta. Ran da aka ɗaura muna aure, mun hwaɗa mata ba shi dawowa..."

"To ni hwa? Ni ba mutum ba ce? Na gaji, masoyina, wallahi na gaji!"

"Ina son ki har ga Allah. Amma an koya min in nemo abin da ka riƙe yaro, ba in karya shi da hannuna ba."

Na tsani gaskiyarsa, na kuma san gaskiya ce. Ban je kotu ba. Mako biyu bayan nan ya nemi ƙungiyar ta mayar da shi aiki garin Rabah.

Ranar da ya tafi, Khairiyya ta shigo da gudu, takarda a hannu.

"Inna, Malam Almustapha ya ce zanena ya fi na kowa! Don mi kike kuka?"

Na rungume ta, na ce mata kyawon zanen ne.