Fenti a Kan Tsaga

Da hantsi aka kira Sufeto Hashimu. An tsinci Nawaf, mai gadin rumbun tantuna a Arfa, kwance cikin jini, bindigarsa a gefe. Kafin sufeton ya iso, dangin mamacin sun gama shari'arsu. Sun damƙe Falalu, ɗalibi ɗan Sakkwato da ke share wurin, sun kumbura masa fuska, wai jiya an ji su suna cacar baki da Nawaf. Talal, ƙanin Nawaf, ya fi kowa kumfar baki, kisasi kawai yake kira.

Hashimu ba ya ƙaunar a riga shi aikinsa. Ya sa aka tsare Falalu, ya ɗauki bindigar. Ƙaramar libarba ce ta alminiyom, irin marar nauyin nan mai daɗin ratayawa, amma ba ta jure wahala. Samanta ya dare gida biyu.

Likita ya ce babu harsashi a wuyan Nawaf, guntun bindigar ne ya yanke jijiya. Ashe karnukan da suka addabi rumbun ya harba, ta fashe a hannunsa. Nan take Talal ya sauya zance, ya ce ai Falalu ne ya cusa mata yashi.

A ofis Hashimu ya kankare bakin tsagar da makulli. Baƙin fenti ya ɓare, a ƙarƙashinsa ga abin da masu gyaran jikin mota ke cike lotsawa da shi. Tsagar tsohuwa ce. Ransa ya ɓaci ƙwarai.

Ya wuce gidan mamacin a unguwar Hindawiyya ta Makka. Matar Nawaf ta ce Talal kan ari bindigar ya tafi sahara da abokai, su wuni suna harbin gwangwani. Hashimu ya sami Talal a garejinsa na fentin mota, ya nuna masa bindigar.

"Ka taɓa riƙe ta?"

"Wallah, ya ammi, ko sau ɗaya," in ji Talal, yana kiransa baffa da Larabci.

"To wa ya yi mata fenti? Falalu mai tsintsiya?"

Talal ya zube ƙasa. Ya ce manyan harsasai suka riƙa ɗura mata cikin rana da ƙura har ta tsage, shi kuwa ya cike, ya fesa, ya mayar.

"Faɗan Yaya na ji tsoro."

"Faɗa ka ji tsoro," in ji Hashimu, "ka bar shi ya ɗaga ta saitin fuskarsa. Bai ishe ka ba, ka nemi a sare kan baƙo. Halas, magana ta ƙare, tashi."

Aka sa masa ankwa, aka tura shi mota.

Da Hashimu ya buɗe wa Falalu, ya jira zagi, don ya cancanta. Ɗalibin ya goge leɓensa da ya fashe, ya tambaya ko za a bar shi ya bi sallar gawar Nawaf a Harami.