Baƙin Gilashin Malam Sada

Ta cikin gilashi Mudassir ya fara ganin Fadila. Shekarar da soja suka koma bariki ce, hotunan 'yan takara ba su gama ɓarewa daga bangayen Ƙofar Marusa ta Katsina ba. An gayyato shi makarantar da take koyarwa don ya nuna wa ɗalibai kimiyyar haske, ya zo da idanu biyu da ya ɓalle daga baƙin gilashi. Ya haɗa su ya ɗaga, sai ga malama tsaye a bakin ƙofa. Ya juya ɗaya, ta ɓace cikin duhu. Da sauri ya mayar.

"Malam, ka ɓatar da ni ka dawo da ni," ta ce bayan an tashi. "Sihiri ne?"

"Haske ne. Akwai mai tafiya a tsaye, akwai mai tafiya a kwance, irin gilashin nan kuwa guda yake bari ya wuce. In kin ga duhu, ba hasken ne babu ba. Juyawa ake."

Ya bar mata ido ɗaya, wai don ɗalibai. Kowa ya san ba don ɗalibai ba ne. Kafin damina ta wuce ta zama Haskena, shi kuma Na Gilas.

Ana cikin haka ya samu gurbin karatu a Ingila. Aikin da zai koyo shi ne fitar da siririyar hanya, wadda ba ta kai silin gashi ba, a jikin wani dutse mai kama da gilashi, haske ya bi ta, sannan a sa 'yar wutar lantarki ta juya shi daga tsaye zuwa kwance. Da wannan juyin ake aika magana nesa.

Malam Sada, mahaifin Fadila, mai sayar da yadi, bai gamsu ba.

"Wane irin aiki ne wanga da ido bai ganin shi? Ni ban hana ba, ban bayar ba. Ka je. In ka zauna da gindinka ka aiko mani, magabatanka su zo."

A lokacin an yi wa tsohon aikin yanar ido, rana tana damunsa. Mudassir ya yi masa sallama da baƙin gilashi mai kyau, irin wanda ya nuna wa ɗalibai. Malam Sada ya ƙwallafa rai a kansa, sai alwala da salla ke raba su.

Da farko wasiƙu suna zuwa, a makare. Da wayar hannu ta iso Katsina, Malam Sada ya sayi ɗaya, Fadila ta aika wa Mudassir lambar cike da murna. Daga nan wasiƙa ta ɗauke, kira kuma daga waje ba ya shiga. Wayar tana aljihun Malam Sada na ciki, ba mai taɓa ta. Yakan ce an cuce shi, fuskar wayar baƙa ce tun ranar da ya saya, amma tunda ana jin magana ya haƙura.

Fadila ta rame. In ta taso makaranta ta biyo ta hasumiyar Gobarau, sai ta ciro idon gilashin nan ta dubi sama, ta juya shi, samaniya ta yi duhu ta washe. Kewa take ci, kewa take sha, ga haushin mutumin da ya iya sarrafa haske amma ya kasa aiko da layi ɗaya.

A nan Abbas ya shigo, sabon kansila mai fara'a da sabuwar mota. Ba shi da aibu, abin da ya fi ba ta tsoro ke nan.

Wata rana bayan la'asar Malam Sada ya kira ta zaure.

"Ɗiyata, ba ni yi maki dole. Amma mutanen Abbas sun nemi zuwa ran Juma'a. Yaron can ya manta da mu, mi kike jira?"

Ta sunkuyar da kai, hawaye na ɗiga kan mayafinta. Ta buɗe baki za ta ce to, wayar ta yi ƙara. Ya ciro ya duba.

"Kin gani, kukan banza. Kullum haka take, ba kowa."

Fadila ta ɗago. Daga inda take durƙushe, rubutu take gani ɓaro-ɓaro. Ta dubi wayar, ta dubi baƙin gilashin, sai ta tuna da idon gilashinta.

"Baba, don Allah ka juya ta a kwance."

Ya juya. Fuskar da ta yi watanni baƙa ta washe a idonsa. Saƙonnin Mudassir ne a jere. Ita ta karanta na farko.

"Baba, barka da yini. Na gama, an ba ni aiki. Ina neman izini kawuna Almu ya zo neman aure."

Na bayansa: "Baba, a gaya wa Fadila yau na juya haske ya bi hanyar da na zana, amma ba wanda zan nuna wa."

Sai na ranar: "Baba, na ji labarin Abbas. In shirun nan amsa ce, na karɓa. A ce wa Haskena ban taɓa dainawa ba."

Malam Sada ya zare gilashin, ya daɗe yana murza ido.

"Ashe ni na tsare maku hanya. Rubuta mashi, ki ce Almu ya zo. Abbas kuma ni zan ba shi haƙuri da bakina."

Ta rubuta, ta ƙara nata a ƙasa: "Na Gilas, hasken yana nan. Juyawa ce ba a yi ba."

Bayan Babbar Salla aka ɗaura aure a ƙofar gidan. Da Mudassir ya durƙusa gabansa, Malam Sada ya cire gilashin ya sa a aljihu.

"Bari in gan ka da idona, kar ka sake ɓace mani. Ga Fadila nan. Allah ya yi maku albarka, ya haskaka gidanku."

Daga bayan labule, Fadila ta riga kowa cewa amin.